Miliyan

miliyan (suna, namiji, jam'i: miliyoyi). Dubu sau dubu, wato 1,000,000: ɗaya da sifiri shida a bayansa. Kalmar aro ce daga Turanci, asalinta kuma Italiyanci. Kafin zuwanta Bahaushe kan ce zambar dubu. A zamanin wuri, keso guda dubu ashirin ne, don haka sai an tara keso hamsin kafin a kai miliyan. A Nijar kuwa, inda jika take sefa dubu, miliyan jika dubu ce.

A lissafi lamba ce cika, ba mara ba. Ana samunta idan aka ninka goma da kanta har sau shida, ko 100 sau 100 sau 100. In aka warware ta har gindi, biyu da biyar kaɗai za a tarar: 64 sau 15,625. Lambobi 49 ne ke raba ta ba saura, tun daga 1 har ita kanta. In aka ajiye ta gefe aka tara sauran 48, jimillar 1,480,437 ce, ta zarce ta, shi ya sa masana ke sa ta cikin lambobi masu yalwa. Lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu guda 78,498 ne a ƙasa da ita, babbarsu 999,983.

Baki na faɗinta da sauƙi, amma daƙiƙa miliyan kwana goma sha ɗaya ne da rabi, har da 'yan kai.

Misali: *Ya sayi filin naira miliyan uku.*