Tsohon Kwabon Gidanmu: Dukiya Ce Ko Tarihi?



Da wuya a sami tsohon gida a Sakkwato da babu gwangwanin tsofaffin kuɗi a ƙasan adudun wata tsohuwa. Ranar da aka buɗe shi ake fara gardama: wani ya ce a sayar, wani ya ce ya ji Turawa na saye da miliyoyi, wani ya ce a aika waje masana su tantance. Kafin mu kashe ko sisi, ya kamata mu san abin da ke hannunmu.

A zamanin Daular Usmaniyya, wuri ne kuɗin kasuwa. Don babban ciniki kuwa akwai liyari, wato azurfar nan mai hoton Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya. Lokacin da Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Nan ne tarko na farko. Liyarin da ke yawo a ƙasashenmu na ɗauke da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu. 'Yan kasuwar Afirka da Larabawa sun saba da wannan kamanni, ba sa yarda da wani, shi ya sa aka ci gaba da buga shi da wannan shekara a Biyana, Landan, Rum da Bombay, har aka buga ɗaruruwan miliyoyi. Ganin 1780 ke nan ba ya nufin a 1780 aka yi shi. Galibi darajarsa ita ce ta azurfar jikinsa: nauyinsa kusan giram 28, kashi 83 cikin ɗari azurfa.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris, 1903, suka shigo da kuɗinsu, suka kuma nemi a riƙa biyan haraji da shi. A 1907 aka fara buga anini da kwabo masu huji, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Aninin 1907 da alminiyom aka yi shi, bai jure ba, sai aka sauya ƙarfen a 1908. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta fito da sule da dala na azurfa masu hoton kwakwar manja a 1913, kafin a koma tagulla a 1920. Babban Bankin Najeriya ya fitar da nasa kuɗin a 1959, naira da kwabo suka zo ranar 1 ga Janairu, 1973.

Tarko na biyu shi ne kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a Disambar wannan shekara. A Ingila kuɗi mai sunansa bai shiga kasuwa ba, amma a nan ya shiga. Labarin da daɗi, sai dai an buga kwabon da yawan gaske, don haka ba shi da wuyar samu.

To me ake nufi da tantancewa? Kamfanoni irin su PCGS da NGC na Amurka suna duba sahihancin tsaba, su ba ta maki daga 1 zuwa 70, su rufe ta a cikin roba. Da dalar Amurka ake biya, ga kuɗin aikawa da na inshora. Abu biyu ke ɗaga farashi: ƙarancin irin tsabar, da rashin gogewarta. Kwabon da ya shekara hamsin yana yawo tsakanin mai fura da mai goro ya riga ya suɗe. A aika irinsa waje, kuɗin tantancewa sai ya fi kuɗin kwabon. Ga kuma doka: kayan tarihi ba sa fita ƙasar nan sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Shawararmu ita ce kada a goge shi da toka ko lemun tsami, domin gogewa na karya darajarsa. A rubuta shekararsa, a duba ƙananan haruffan H ko KN, alamar masana'antun Birmingham da suka buga shi, a auna nauyinsa wajen maƙerin azurfa. Sannan a nuna wa ma'aikatan Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ko malaman tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Idan ya tabbata irinsa ba shi da yawa, kuma rubutunsa na nan raɗau, sai a yi maganar aikawa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi tukuna zai kawo mai saye, a yi nesa da shi.

Mu da ke koyon rubutu, ribarmu ta fi nan kusa. Mai labarin zamanin Sarkin Musulmi Bello kada ya sa sule a aljihun tauraronsa, mai labarin 1965 kada ya biya sadaki da naira. Mu ɗauki gwangwanin mu zauna gaban tsohuwar tun tana raye, mu tambaye ta me taro ke saye a kasuwa lokacin ƙuruciyarta, mu rubuta.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.