Ranar Da Arewa Ta Rataya A Layi Ɗaya

Injiniyoyin lantarki suna da wata ƙa'ida da suke kira N-1. Abin da take nufi shi ne a shimfiɗa hanyoyin wuta ta yadda in abu ɗaya ya lalace, layi ne ko taransifoma, sauran za su ɗauke nauyinsa. In suka gaza, wutar da ke bin layin da ya faɗi sai ta malala zuwa maƙwabcinsa, ya yi zafi, na'urar kariya ta katse shi, nauyin ya koma kan na uku. Kafin ƙiftawar ido tashoshi sun fara fita ɗaya bayan ɗaya. Haka aka yi a Amurka da Kanada ranar 14 ga Agustan 2003, lokacin da wasu layuka suka taɓa bishiyoyi a jihar Ohayo, mutane wajen miliyan 50 suka kwana a duhu.

Lissafin da ake yi da kwamfuta don hango irin wannan rushewa yawanci yana ɗauka cewa za a gyara ɓarnar farko da wuri. A nan ne nake ganin ya saɓa da halin da muke ciki.

Babbar tashar Mando da ke Kaduna tana karɓar wuta ta layin kilobolt 330 daga Shiroro, inda madatsar ruwa mai megawat 600 take. A 2024 an lalata turakun wannan layi, kuma 'yan bindiga suka hana ma'aikatan TCN, kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta, shiga dajin su gyara. Sai Arewa ta dogara da hanya mai nisa, wadda ta taso daga Ugwuaji a Inugu, ta bi Apir kusa da Makurɗi, ta hau Jos. Da wannan ta katse ranar 21 ga Oktoba, babu ta uku. Duhun ya wuce mako guda. Wato tun kafin ranar an riga an cinye "ɗayan" da ƙa'idar ta tanada, ana ta tafiya babu madogara.

Rushewar kuma ba ta tsaya a waya ba. A Unguwar Boro, kamar sauran unguwannin kudancin kogin Kaduna, ruwan gidaje da yawa na rijiyar burtsatse ne, ita kuwa sai da wuta. Tanki ya ƙafe, 'yan ga-ruwa suka yi tsada. Mai sayar da ƙanƙara ya buɗe firiji ya tarar da ruwa tsamo-tsamo a leda. Mai walda ya koma janareta a lokacin da fetur ya haura naira dubu kowace lita, wanda bai iya ba ya rufe shago. (Masu cajin waya kaɗai suka ga kasuwa.) Duk wannan ba ya fitowa a jadawalin da ke ƙirga megawat kawai.

Saboda haka duk lissafin haɗarin da za a yi wa Arewa dole ya saka abu biyu: kwanakin da gyara zai ɗauka a inda babu tsaro, da yawan wutar da yankin zai iya samarwa da kansa in an yanke shi daga sauran ƙasa. Amsar ta biyun tana nan kusa, a Kudenda da ke Kaduna. Tun 2009 aka ba da kwangilar tashar lantarki mai megawat 215 a can, amma a watan Oktoban 2024 ko megawat ɗaya ba ta ba Kaduna ba.