Guguwar Maganaɗisu ta 1859: Waiwaye a kan Zango na Goma na Tabon Rana

Masana ilmin taurari sun lura cewa baƙin tabo-tabon da ke bayyana a fuskar rana yakan yawaita, ya kuma ragu, cikin kimanin shekara 11. Zango na goma a lissafinsu ya fara a 1855, ya ƙare a 1867. A cikinsa ne aka yi guguwar maganaɗisu mafi tsanani da tarihi ya adana.

Ranar 1 ga Satumba 1859, Richard Carrington na ƙasar Ingila yana cikin zana tabon, sai ya ga farin haske ya walƙa a cikinsa. Bayan awa 17 da ɗoriya, wayoyin tangaraho suka rikice a Turai da Amurka. Ma'aikatan layin Boston zuwa Portland kuwa suka cire batir, suka yi ta aika saƙo da wutar da guguwar ta cusa wa wayar.

Duk da haka, masana ba su yi saurin ɗora wa rana alhakin ba. Har 1892 Lord Kelvin yana musun alaƙar. Sai a ƙarni na 20 aka tabbatar cewa rana takan yi aman ɓurɓushi mai ɗauke da lantarki, wanda ke girgiza maganaɗisun duniya.