Daga Rakani-Kashi Zuwa Wayar Shafa: Tarihin Alƙalamin Da Ke Aljihunmu



Tambayar da ta fi yawa a tsakaninmu, bayan ta yadda ake fara labari, ita ce: wace waya zan saya? Ba mamaki, domin mafi yawanmu ba mu da kwamfuta. A waya muke rubutu, a nan muke gyara, a nan muke turawa, a nan kuma mai karatu yake samunmu. Kafin mu amsa, ya kamata mu waiwaya mu ga wayoyin da suka wuce ta hannunmu, don kowacce ta bar tabo a Hausar da muke rubutawa.

Kafin 2001, layukan tarho na NITEL a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai yana kai wa naira 20,000, wani wuri ma ya zarce, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya, ko da daƙiƙa biyar ka yi. Sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan abin ya fara sauƙi. A wancan lokaci marubucin Hausa ba shi da wata hulɗa da waya a sana'arsa. Littafin makaranta yake cikewa da biro, ya kai wa mai buga kwamfuta, daga nan sai maɗaba'a, sai kasuwa. Haka littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano suka riƙa fitowa.

Wayoyin farko da talaka ya riƙe su ne irin su Nokia 3310, da Nokia 1100 mai tocila wadda ta fito a 2003, aka sayar da fiye da miliyan 250 a duniya. Irinta ce muka laƙaba wa rakani-kashi. Batirinta sai ya yi kwanaki, ta faɗi a siminti a tsince ta a haɗa ta ci gaba da aiki. Amma rubutu a cikinta aiki ne. Harafin s sai ka danna lamba 7 sau huɗu, z kuma lamba 9 sau huɗu. Ƙamusun da ke cikinta na Turanci ne, don haka abu na farko da Bahaushe yake yi shi ne ya kashe shi.

A nan ne ya kamata mu ɗan daɗe, domin a nan ɓarnar ta faro. Saƙon tes guda ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, kuma jerin haruffan da aka tsara masa na harsunan Turai ne. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle ƴ da 'yan uwanmu na Nijar suke amfani da shi inda mu muke rubuta 'y. Ko a wayar zamani, idan ka saka ƙ guda ɗaya a tes, saƙon yana komawa wani tsari da ba ya wuce haruffa 70, wato kuɗinka ya ninka. To haruffan nan masu lanƙwasa, waɗanda suka zauna a bokonmu tun shekarun 1930, waɗanda aka buga Magana Jari Ce da Gaskiya Ta Fi Kwabo da su, sai wayar ta kore su. Wasu suka koma k' da d' da b', wasu suka bar su gaba ɗaya. Aka wayi gari baƙi da baki ɗaya ne a rubuce, haka faɗa da fada, haka ƙafa da kafa. Ƙarancin wuri kuma ya koya mana datse kalmomi, yayi ya kawo x a madadin z. Yau ga fuskar waya kamar faranti, babu mai ƙirga mana haruffa, amma har yanzu muna cin karo da labari mai shafi ɗari da aka rubuta da Hausar tes ta 2005. Wayar da ta tilasta mana ta mutu, ɗabi'ar ta rage.

Daga nan sai intanet ya shigo aljihu. Opera Mini ta sa ƙaramar waya ta iya buɗe shafuka da data kaɗan, 2go ta Afirka ta Kudu ta cika hannun matasa wajen 2011 da 2012, BlackBerry kuma ta zama wayar 'yan gayu, ana tambayar juna lambar BBM. A gaskiya kibod ɗin BlackBerry ya yi wa mai dogon rubutu daɗi, kowane harafi da maɓallinsa. A tsakanin nan kuma 'yan Chana masu layi biyu da eriya da lasifika mai tashin unguwa suka cika kasuwa. Mun yi musu dariya, amma sun gane abin da manyan kamfanoni ba su gane ba: mutumin da sabis ke yanke masa kullum yana buƙatar layi fiye da ɗaya.

Kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, a kan wannan fahimtar ya ginu. An kafa shi a 2006, ya fuskanci Afirka kai tsaye: layi biyu, batir mai juriya, kyamarar da aka daidaita don baƙar fata, farashin da ɗan makaranta zai iya tarawa. Da Android mai araha ta haɗu da WhatsApp da Facebook, sai marubuciya ta daina jiran maɗaba'a. Daga ɗakinta take buga shafi da yatsa ta tura wa masu karatu, su yi sharhi kafin ta kwanta. Daga baya aka shiga sayar da labarai ta asusun banki. Mata ne suka fi cin moriyar wannan sauyi, kuma gasar Hikayata ta BBC Hausa da ta fara a 2016 ta same su da waya a hannu. Za a iya sukar ingancin abin da ake rubutawa, mu ma muna suka, amma ba a taɓa samun zamanin da Hausawa masu yawa haka suke rubuta ƙagaggen labari ba.

Sai dai tarihin yana da ɗaya fuskar, wadda mai sayen waya ya kamata ya riƙe. Nokia da ta mallaki duniya ta sayar wa Microsoft sashen wayoyinta a 2014. WhatsApp ya daina aiki a wayoyin Symbian a 2017, ya bar BlackBerry a ƙarshen shekarar, ya bar Windows Phone a ƙarshen 2019. BBM ya rufe a 2019, tsofaffin BlackBerry kuma aka yanke musu hidima a Janairun 2022. Wayoyin nan da yawa lafiyarsu ƙalau, ba su fashe ba, manhaja ce ta tafi ta bar su. Ba waya kaɗai ba: OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka ajiye littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023. Duk wanda kwafinsa ɗaya ne tak, a wuri ɗaya tak, ya san yadda abin yake.

Saboda haka idan muka shiga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko kowace kasuwar waya a garuruwanmu, tambayarmu ta bambanta da ta mai ɗaukar hoto. Mai shago zai fara da kyamara, domin ita ce ke sayar da waya. Mu kuwa mu tambayi wane Android ne a ciki, kuma shekara nawa kamfanin zai ci gaba da sabunta shi. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ba ya aiki a Android da bai kai 5.0 ba, kuma layin nan gaba yake matsawa. Google da Samsung sun yi alƙawarin shekara bakwai ga manyan wayoyinsu na baya-bayan nan, da yawa daga cikin ƙananan wayoyi masu araha kuwa ba sa samun kusa da haka. Wannan ne ma haɗarin wayar hannu da ake kawowa daga waje: jikinta sumul, sunanta babba, amma ta cinye rabin shekarunta a hannun wani, batirin ya gaji.

Batir kuwa a ƙasar da wuta ba ta da tabbas ba abin wasa ba ne. Mai 5000 mAh ya zama ruwan dare, kuma bai kamata marubuci ya sauka ƙasa da haka ba sai da dalili. Wanda ya taɓa barin wayarsa a shagon mai caji da rabin babi a ciki ya san rashin natsuwar. A kula kuma da lambobin da ake rubutawa a kwali. Idan aka ce ƙwaƙwalwar aiki 4+4 ce, huɗun farko ne na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar, kuma ba ya da saurin na asali.

Abin da ya fi komai a wajenmu ba ya cin ko kwabo. Kafin ka biya, ka riƙe wayar da hannu biyu ka buga jimla uku. Idan faɗinta ya gajiyar da babban yatsa a minti biyu, yaya za ka yi da kalma dubu biyu? Sannan ka saka Hausa a kibod. Gboard yana da ita, ƙ da ɗ da ɓ suna nan, kuma a hankali yana koyon kalmominka ya daina mayar maka da su Turanci. Ko waya mafi araha a kasuwa yau tana iya wannan, don haka uzurin da muke da shi a zamanin Nokia ya ƙare.

Ga batun kuɗi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma waya kayan dala ce. Shi ya sa da yawa suke ba da tsohuwa su yi ciko. Ba laifi, amma a nan rubuce-rubuce suka fi salwanta. Yaron shago zai goge tsohuwar nan take, kuma duk abin da ke cikin manhajar ajiye rubutu ta wayar ya tafi ke nan. A kwashe komai tukuna, a tabbatar ya buɗe a sabuwar, sannan a miƙa. A rubuta adireshin imel da kalmar sirrinsa a takarda a ajiye a gida, musamman ga waɗanda mai shago ne ya buɗe musu imel ɗin tun farko, ba su ma san kalmar ba. Ga kuma ƙwacen waya da ya addabi Kano da wasu biranenmu. Ɓarawo zai sayar da wayar a rabin kuɗi, labarin wata shida kuwa ko kallonsa ba zai yi ba zai goge.

Idan kuɗin bai kai ba, kuma wadda ke hannunka tana buɗe WhatsApp da Google Docs, sauya mata batir ya fi sayen sabuwa a kan bashi. Idan kuwa ya kai, ranar da ka kawo ta gida ka saka kibod ɗin Hausa, ka haɗa ta da imel ɗinka, ka tura wa kanka babin da kake kai, kafin ka ɗauki hoto na farko.