Asalin Kalmar Kwinin

Kalmar kwinin ta shigo Hausa ne ta bakin Ingilishi, amma ba can aka haife ta ba. Tushenta yana Peru, cikin harshen Kecuwa, inda Sifaniyawa suka tsinci kalmar "kina". Sukan kuma ninka ta su ce "kina-kina", irin ninkin da ba baƙo ba ne ga kunnen Bahaushe. Abin lura shi ne, da farko wannan suna na wata bishiya ce daban, mai ƙaro mai ƙanshi. 'Yan kasuwa suka cakuɗa ɓawonta da ɓawon itacen da ke maganin zazzaɓi, har sunan ya ƙaura ya bar mai shi.

A 1820 wasu masana harhaɗa magani biyu, Pelletier da Caventou, suka tace sinadarin daga ɓawon a birnin Faris. Suka ɗauki "kina" suka liƙa mata ɗafa-ƙeya "-ine" wadda ake sa wa irin waɗannan sinadarai, aka sami "quinine".

Shi kuwa sunan itacen a kimiyyance, wato Cinchona, tarihinsa ya fi wannan karkata. An daɗe ana ba da labarin wai matar wakilin Sarkin Sifaniya a Lima, Hakimin Chinchón, ta warke daga zazzaɓi da wannan ɓawo wajen 1638, ta kuma kai shi Turai. A kan wannan labari Linnaeus ya raɗa wa itacen suna a 1742, sai dai ya yar da harafin "h" na farko. Kundin da aka riƙa rubuta al'amuran gidan hakimin a ciki bai ambaci wannan warkewa ba, ita kuma matar ta rasu a Kartahena tun ba ta isa Sifaniya ba. Ke nan an karrama tatsuniya, kuma ko rubutun ba a yi daidai ba.

Ƙasarmu ma tana da nata rabo. A 1841 zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a kan Kwara. A 1854 Baikie ya hau Kwara da Binuwai yana ba mutanensa kwinin kullum, bai rasa ko ɗaya ba. Maganin ya riga sunansa isowa, ya kuma share wa masu sunan hanya.

Daga wannan tushe ne kulorokwin, wanda aka haɗa a Jamus a 1934, ya gaji gaɓarsa ta ƙarshe.