'Ya'yan Kambo: Yaran Hausawa a Ƙasar Sudan

A watan Yuli na 1903 sojojin Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kwashi sauran jama'a ya nufi gabas, har suka zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin da suka kafa shi ake kira Mai Wurno har wa yau. Alhazai masu tafiya Makka da ƙafa su ma sukan yada zango a ƙasar, da yawa kuwa ba su koma gida ba.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira. Aikin yana bukatar hannuwa, sai Hausawa da mutanen Darfur suka shiga ƙodago. Galibinsu ba a ba su gona ba. Suka kakkafa bukkoki a gefen magudanan ruwa, ana kiran irin wannan zango kambo.

A nan ne aka fara tauye yara. Hukuma ba ta lissafa kambo cikin garuruwa ba, saboda haka yawancinsu ba makaranta, ba asibiti, ba rijiya. Yara suna shan ruwan magudana, tsargiya tana kama su. Lokacin cirar auduga kuwa suna gona tare da iyayensu.

Doka kuma ta ƙara musu nauyi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta bukaci mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Mutanen Burmi kuwa bayan haka suka iso. Yaron da aka haifa a Jazira sai a ce da shi Fallata, wato baƙo. In ba takarda, da wuya ya yi zurfi a karatu ko ya sami aikin gwamnati.

Dokar 1994 ta mai da wa'adin zuwa 1956, amma sunan baƙo bai gushe ba. A 2022 rikicin mallakar ƙasa ya ɓarke a Jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka gudu daga gidajensu, yara suka bar aji.

Kakannin yaran nan sun noma ƙasar fiye da shekara ɗari. Mai karatu, shekara nawa baƙo zai yi kafin ɗansa ya zama ɗan gari?