Ɗan mai lambu, jarumin teku

Jama'a, ga labarin Jon Pol Jons. An haife shi ƙasar Sikotilan a 1747, ubansa mai aikin lambu ne. Tun yana yaro ya shiga aikin jirgin ruwa, har da jiragen masu jigilar bayi daga Afirka. Wannan tabo ne, ba mu ɓoye shi.

Da Amurka ta tashi neman ƴanci daga Ingila, sai ya shiga yaƙin. A 1779 jirginsa ya kara da na Ingila. Nasa ya huje, ruwa na shiga, wuta na ci, amma ya ƙi sallamawa har ya kama na abokan gaba.

Ya rasu birnin Pari a 1792, aka manta da kabarinsa. Sai a 1905 aka tono gawarsa, aka kai ta makarantar sojan ruwa ta Amurka.